Sunan Yanka da na Uba

A asibitin da na fi daɗewa ina aikin jinya muna da wani kundi mai koren bango, wanda aka rubuta yadda ake yin kowane aiki a cikinsa: wanke hannu, juya wanda ya daɗe a kwance, ɗaura ƙarin ruwa, har da gyaran gado. Kundin ƙa'idojin aiki ake ce masa. Mazauninsa kabad ɗin metiron, wato shugabar ma'aikatan jinya, kuma kullum a kulle yake don kada ya yi datti. Makullin yana jakarta, jakar kuwa ba ta cika kwana a gari ba idan mako ya zo ƙarshe. Sau ɗaya na taɓa yin sa'ar buɗe shi, na tarar yana nan daram yana koya mana yadda ake tafasa sirinjin gilashi a tukunya a sake yi wa wani allura da shi, abin da aka daina tun kafin in ajiye gemu. Na rufe shi da ladabi na mayar, kamar yadda ake yi wa dattijon da ya fara ruɗewa.

Wata shekara sai aka ce daga sama za a sabunta ƙa'idoji. Aka kwashe mu zuwa taron bita a wani ɗaki mai sanyi, aka raba mana jaka da biro da lemo. Wadda ta jagoranci bitar wata Hajiya ce, babbar ma'aikaciyar jinya da ta bar gefen gado ta koma ofis tun da daɗewa, 'yar babban gida, irin gidajen da kakanninsu suka riƙe wa hakimai alƙalami. Ta iya magana, ba zan hana ta wannan ba. Idan ta ce "majinyaci" sai ka ɗauka wani abu ne mai tsabta da ke zaune a jikin allo, ba ya amai, ba shi da dangi.

Ƙa'ida ta farko a sabon kundin ita ce tabbatar da mutum kafin a ba shi magani. Ko ƙwaya ce, ko allura, ko ƙarin ruwa, sai majinyaci ya faɗi sunansa da bakinsa, sunan yanka da na uba. Idan ba ya iya magana, mai jinyarsa ya faɗa. Kuma an hana ma'aikaci ya riga shi faɗa ya ce "kai ne wane?"

Dalilin wannan ƙa'ida ba wasa ba ne, ni ne farkon mai shaida. A ɗakin maza inda nake, akwai sunan da in ka kira shi rabin gadajen za su amsa, har da mai shara. Ga shi mutanenmu ba sa musu da farar riga. Duk wanda ya sa ta likita ne a wurinsu, kuma duk abin da ya tambaya amsarsa eh ce. Wani abokin aikina mai tsokana ya taɓa tambayar wani dattijo daga Roni, "Baba, kai ne wadda ta haihu jiya ko?" Dattijon ya gyara zaman hularsa ya ce, "Eh, likita, ni ne." Da irin wannan eh ɗin ake ɗirka wa mai tari maganin mai ciwon suga. Don haka ban ƙi ƙa'idar ba. Abu ɗaya kawai ya tsaya mini a wuya, na ɗaga hannu.

Na ce, "Ranki ya daɗe, idan mai jinyar matarsa ce fa? Ko uwa ce da ɗanta na fari?"

Ta yi murmushin da ake yi wa wanda ya zo biki da kayan gona. Ta ce, "Malam, asibiti ba zauren gidanku ba ne. Zamani ya wuce nan. Ka duba kundin daga farko har ƙarshe, ba za ka ga inda aka rubuta kunya ba."

Aka yi dariya. Waɗanda suke son a sake gayyatarsu bita ta gaba su suka fi kowa dariya. Na zauna raina a ɓace, domin ni ɗan fari ne. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunana ba. "Wannan" take ce mini, ranar da na faranta mata rai kuwa in samu ƙarin girma in zama "wancan mai taurin kan." Duk da haka ban taɓa ɓace mata a cikin 'ya'yanta ba.

Gaskiya masu kundin sun yi tanadi. Sun haɗo mu da kwali guda na wasu robobi da ake rubuta suna a ɗaura wa majinyaci a wuyan hannu, yadda ko bai yi magana ba za a karanta. Robobin sun yi mana kyau ƙwarai. Kafin gero ya fitar da kai sun ƙare, rabinsu a hannun majinyata, rabinsu a hannun 'ya'yan ma'aikata da suka mayar da su agogo. Muka rubuta a ƙaro, aka ce ana kan dubawa. Ƙa'ida ta koma ƙafa ɗaya, sai baki kawai.

A cikin wannan damina aka kawo wani tsoho Bafulatani daga wata ruga da ke bayan Gwiwa. Hawan jini ya kayar da shi a gona. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Abin da ya rage masa ido ne da hannun hagu. Babban ɗansa ya yanki kati ya faɗi suna, aka ba shi gadon ƙarshe kusa da taga. Matarsa ce ta zauna jinya, wata doguwar tsohuwa siririya mai kaifin ido, Hausarta da ƙamshin Fillanci. Inna muke ce mata, har likita.

Tsohon ba ya iya haɗiye ƙwaya, kuma haɗiyar komai sai a hankali. Sai mu ba Inna maganin, ta daka shi a murfin kwano, ta dama a kunu mai ɗan kauri, ta zauna a bakin gado daidai fuskarsa tana ba shi da ƙaramin cokali. Daga hannunta kaɗai yake karɓa. Na gwada, ɗansa ya gwada, metiron da kanta ta taɓa naɗe hannun riga ta gwada. Ya datse baki ya bi mu da irin kallon da yake yi wa dillalin da ya zo taya masa saniya a wulaƙance. Amma da Inna ta ɗaga cokali ta ce masa wata 'yar kalma da Fillanci, sai bakin ya buɗe. Abincinsa da maganinsa duk ta wannan cokalin suke shiga. In babu shi, babu tsohon. Kowa a ɗakin ya san haka.

Ita kuwa ba ta da sunan da take kiran sa da shi sai "shi." Shi bai yi barci ba. Shi ba ya son fanka. Shi ya ce kunun jiya ya cika ruwa, alhali mutumin ko uffan ba ya cewa. Na taɓa tsokanarta na ce, "Inna, wai shi ɗin nan ba a yanka masa rago ba ne?" Ta ce, "An yanka, ɗana. Ba a gayyace ka ba ne."

Kullum da safe idan na turo keken magani, hanyar da na samo ita ce in tambaye ta sunan rugarsu da sunan autansu, in duba kati in ga sun dace. Auta ba shi da kunya a bakin uwa, har da ƙari take faɗin nasa. Ban ce haka kundin ya ce ba. Amma tsohon yana shan maganinsa, jininsa yana sauka, har yatsun ƙafar da ta mutu sun fara motsi.

Sai aka aiko cewa za a zo duba yadda muke bin sababbin ƙa'idoji.

Wanda bai taɓa ganin asibiti ranar da ake jiran masu dubawa ba bai san asibiti ba. Labulen da muka ɗauka an sace tun zamanin wata metiron sai ga shi ya fito daga sito da guga. Famfon da ya shekara yana tari ya kawo ruwa. Aka kori awakin da ke kwana a baranda, aka ce wa masu jinya su ɓoye tukwanensu. Sabon kundi ya fito daga kabad ya hau tebur, a buɗe, an ɗan lanƙwasa gefen wasu shafuka don a ga alamar ana karantawa. Ni ma na sa farar rigar da nake ajiyewa don irin wannan rana.

Hajiyar bita ce ta zo, da mutum biyu a bayanta masu riƙe da takardu. Ta ce za ta bi ni rabon maganin safe, kada in damu da ita, in yi kamar ba ta nan. Mutum ya yi kamar ba ta nan, ga turarenta ya cika ɗaki.

Gadajen farko sun tafi lafiya. An riga an yi wa kowa bita tun jiya, har wani mai karaya ya faɗi sunansa da na ubansa da na kakansa, ya ƙara da unguwarsu. Muka iso gadon ƙarshe. Ɗan tsohon ba ya nan, ya kai dabbobi kasuwar Babura. Inna tana zaune da kwanon kunu a cinya tana jiran ƙwaya. Na gaishe ta, na tambayi sunan ruga, na tambayi sunan auta, na miƙa hannu zan ɗauko magani.

Hajiya ta ce, "Dakata, Malam. Ban ji sunan majinyaci ba."

Na ce, "Ranki ya daɗe, matarsa ce. Ya daɗe a gadon nan, ni nake ba shi magani kullum, kuma shi kaɗai ne mai shanyewar jiki a ɗakin."

Ta ce, "Ban tambaye ka tarihinsa ba." Ta juya wajen Inna, ta sassauta murya. "Baba, sannu da jinya. Yaya sunan mai gidan naki?"

Inna ta dube ta, ta dube ni. Ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Ta ce, "Shi ne dai, Hajiya. Ga shi nan kwance."

"Na gan shi. Sunansa nake so ki faɗa."

"Yana jikin takardarku. Yaron ya faɗa ranar da muka zo."

"Daga bakinki ake so. Haka doka ta ce. In ba a faɗa ba, ba za a ba da magani ba."

A nan ne zuciya ta ɗebe ni. Ina da wannan halin, kuma bai taɓa ƙara mini girma a wurin aiki ba. Na ce, "Ranki ya daɗe, ke yaya sunan Alhajinki?" Na san abin da nake yi. Duk wanda ya zauna bitar nan ya ji ta tana amsa waya tana cewa "Alhaji ya ce," "Alhaji ya dawo," ba ta taɓa wuce nan ba. Na zaci za ta ji nauyi. Ko gezau. Ta ce, "Alhajina ba ya kwance a gadon asibiti, Malam. Ranar da ya kwanta sai ka zo ka tambaye ni." Ɗaya daga cikin masu takardu ya rubuta wani abu, na kuma san ba addu'a yake rubuta mini ba.

Da na yi shiru, wataƙila da ta yi wa tsohuwar uzuri ta wuce, ta rage mana maki. Wataƙila kuma a'a. Abin da na sani shi ne, daga nan maganar ta tashi daga kan ƙa'ida ta koma kan wa zai sauko, kuma Hajiya ba irin masu saukowa ba ce a gaban na ƙasa da ita. Ta ɗauki ƙwayar daga kan keken ta riƙe a tafin hannunta inda Inna za ta gan ta.

Inna ta kalli ƙwayar. Ta san abin da ƙwayar nan ta yi wa yatsun ƙafarsa. Ta sunkuyar da kai ta motsa leɓe.

Hajiya ta ce, "Ban ji ba, Baba. Ki ɗan ɗaga murya. Da sunan mahaifinsa."

Sunan miji, da sunan suruki, a ɗakin maza, a gaban mai sunan. Mai karayar nan da ba ya rufe baki ya juya fuskarsa bango. Wani dattijo a gadon tsakiya ya ja bargo ya rufe kansa, don kada a ce yana cikin waɗanda suka ji. Inna ta faɗa, duka biyun, a fili. Tsohon yana kallon ta. Ban san me ke cikin kallon ba, ba zan ƙirƙira ba. Na dai ga ya daɗe bai ƙifta ba.

Hajiya ta duba kati ta ce, "Daidai. Kin gani, Baba, ba wuya." Ta ba ni ƙwayar, ta ce wa masu takardu su rubuta an bi ƙa'ida. Suka wuce ɗakin yara.

Inna ta daka ƙwayar kamar kullum, ta dama a kunun, ta ajiye kwanon a kan kabad ɗin gefen gado da cokalin a ciki. Ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta fita.

Ba ta tafi gida ba. Ta koma gindin darbejiyar da masu jinya ke girki ta zauna. Kunu bai fasa zuwa ba, tana damawa ta aiko, amma ƙafarta ba ta sake taka ɗakin ba. Na same ta can na durƙusa na ce, "Inna, ki yi wa Allah ki shigo. Tun safe bai sa komai a bakinsa ba."

Ta ce, "Da wane idon zan zauna a gabansa, ɗana?"

Na ce ai dole aka yi mata, kowa ya gani, shi ma ya gani. Ta ce, "Shi ya sa." Ta ci gaba da fifita wutarta.

Tsohon ya datse baki. Ɗansa ya dawo daga Babura, mutanen ɗaki suka ba shi labari a baranda cikin raɗa, ya ɗauki cokali ya gwada, ya ajiye. Likita ya ce a zura robar abinci ta hanci. Muka zura, da mun juya baya ya sa hannun hagu ya fizge. Muka sake, ya sake. Aka ɗaura ƙarin ruwa, amma ruwa ba abinci ba ne, kuma ƙwayar hawan jini ba ta bin jijiya. Jinin ya koma sama. Ina kallon mutumin da muka fara cirowa daga rami yana komawa, ga kundi a tebur mai bayanin yadda ake zura robar hanci dalla-dalla, babu layi ɗaya a kan yadda ake dawo da tsohuwa daga gindin bishiya. Ban taɓa jin haushin aikina irin na wannan makon ba. Daga ƙarshe ɗan ya ce a sallame su, gara ya kwanta a ɗakinsa. Aka sa ya dangwala yatsa cewa shi ya nema, domin wannan ma akwai ƙa'idarsa.

Rahoton masu dubawa ya zo bayan tafiyarsu. An yaba wa ɗakin maza, an ce shi ya fi kowane ɗaki kiyaye tabbatar da majinyaci. Metiron ta sa aka manna shi a bango. Ni kuma aka ba ni takardar neman bayani a kan rashin ladabi ga babba. Na amsa, na kuma cika bayan takardar da labarin gadon ƙarshe, tun da sun ce bayani suke so.

Ban san wa ya karanta ba, amma da lokacin sake duba kundin ya zo sai aka kafa kwamiti, aka sa ni a ciki, ina jin don a huta da bakina. Mun sha zama. An yi zaman da aka ƙare shi kaf a kan ko kalmar kunya za ta iya shiga takardar aiki, wani ya ce ba kalmar kimiyya ba ce, wani ya ce a nemo ta Turanci, aka nema aka rasa wadda ta yi daidai, aka sha lemo aka tashi. An yi zaman da aka ɗage saboda mai riƙe da makullin ɗakin taro ya tafi ɗaurin aure Kanya Babba. Damina ta wuce, wata ta zo. Sannan aka fito da gyara, layi biyu: idan al'ada ta hana mai jinya kama sunan majinyaci, a tabbatar da shi ta garinsu da sunan wani nasa, ma'aikaci na biyu ya shaida. Hajiya ce ta zo ta ƙaddamar da shi a wata bitar. Ta yi bayani mai daɗi a kan mutunta al'adun jama'a, har ta ce abin ya daɗe yana damun ta. Masu dariyar bara suka tafa.

Bayan haka aka tura mu Gwiwa ranar kasuwa, mu auna wa mutane jini kyauta a ƙarƙashin wata rumfa. Rana ta take sosai sai ga Inna a layi. Ta ƙara ramewa, amma idon yana nan. Ita ta fara gane ni. Muka gaisa, ta zauna a benci ta miƙo hannu. Ina naɗa mata abin awo, bakina ya kasa haƙuri, na ba ta albishir. Na ce an gyara dokar nan, yanzu ba za a sake tilasta wa wata mace abin da aka tilasta mata ba. Ina faɗa ina jin kaina kamar wanda ya kawo ruwan sama.

Ta ce, "To, madalla."

Na ce, "Yaya mai jiki?"

Ta ce, "Shi ya rasu. Bai ga kakar nan ba."

Na yi mata ta'aziyya. Sannan na tambayi abin da ya daɗe yana cina. Na ce, "Inna, da kuka koma gida, ya karɓi abinci kuwa?"

Ta ce, "Ya karɓa. Yaron yakan tayar da shi zaune, ni kuma in zauna ta bayansa, in jingina shi a jikina, in zagayo da cokalin ta gefen kunnensa. A haka yake sha." Ta gyara mayafinta da hannun da ba a ɗaure ba. "Har ya cika, ƙeyarsa kawai nake gani."